Tasawa daga «cercle» zuwa «département»: tarihin wani yankin mulki da matsalar sunayensa

1. Mafarin magana

Ƙaramin abu ne ya jawo wannan rubutu. Wani ɗalibi da muke duba wa aikin kammala karatu ya kawo babin da yake gabatar da filin bincikensa, inda ya rubuta cewa a shekara ta 1988 Nijar tana da jahohi 7, a shekara ta 2012 kuma tana da 63, watau an raba kowace jaha gida tara ke nan. Lissafin ya fita daidai, shi ya sa bai yi shakka ba. Alƙaluman ma ba na ƙarya ba ne: a 1988 akwai «départements» 7, a 2012 akwai 63. Abin da ya kuɓuce masa shi ne kalmar ba ta nufin abu guda a wuraren biyu. A 1988 «département» shi ne Maraɗi baki ɗayanta. A 2012 kuwa Tasawa ce, ko Mayahi, ko Agye, waɗanda a 1988 «arrondissements» ne. Kalmar ta sauko mataki guda, shi kuma ya fassara ta da «jaha» duk wuri biyun.

Kuskuren ba nasa ba ne shi kaɗai. Duk wanda ke aiki da tsoffin takardun bariki, ko rahotannin ƙidaya, ko hirarrakin da aka ɗauka daga bakin tsofaffi, zai ci karo da shi. Tun kuma da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, maganar ta wuce ta ɗalibbai, don ko ba daɗe ko ba jima za a bukaci a rubuta takardun mulki da Hausa, kuma sai an san da wace kalma za a kira kowane mataki. Mun zaɓi Tasawa don ta ɗauki kusan duk sunayen da mulki ya taɓa laƙaba wa yanki a ƙasar nan. Za mu bi tarihinta, mu duba yadda aka haɗa ta a yau, sannan mu komo ga kalmomin.

2. Kafin zuwan Nasara

Tasawa tana bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, kusan rabin tafiya tsakanin Maraɗi da Damagaram. Tsohon gari ne na ƙasar Katsina, ana kuma kiran mutanen wannan yanki Tazarawa. Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, gidan sarautar da aka kora ya yi arewa, har Ɗankasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Tasawa ta zama cikin garuruwan da ke bin wannan Katsina ta arewa, ba Katsinar da ke ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Gari ne na ayari, a kan hanyar da ta fito daga Abzin ta nufi Katsina da Kano. Nan Barth ya sauka a watan Janairu na 1851, nan kuma suka rabu da abokin tafiyarsa Overweg, wanda ya yi wajen Maraɗi da Gobir.

Abin lura ga mai nazarin kalmomi shi ne ma'anar «ƙasa» a wancan lokaci. In an ce ƙasar Tasawa, ba ana nufin fili mai layi kewaye da shi ba. Ana nufin garuruwan da ke kawo gaisuwa da haraji, masu ba da mutane in yaƙi ya tashi. Tsakanin ƙasa da ƙasa sau da yawa daji ne, kuma gari yana iya sauya ubangida ba tare da ya motsa daga inda yake ba. Za mu ga cewa wannan tsohuwar ma'ana ba ta mutu ba, tana nan a ɓoye cikin dokokin 2002 da 2003.

A ƙarshen ƙarni na 19 rikici ya raba gidan Maraɗi. Ƙaura Hasau ya fi ƙarfin sarauta, sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi ya koma Tasawa wajen 1897. Da wannan hali Faransawa suka tarar da yankin.

3. Zamanin kumandan

Shigowar ba ta zo da lalama ba. Rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone garuruwa tun daga bakin kogin Kwara, a wannan yanki ta ƙare. Ran 14 ga watan Yuli 1899 aka harbe kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya tsai da su, kusa da Ɗankori. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka kashe Chanoine, sannan Voulet, a Maijirgi. Ragowar rundunar ta wuce ta ci Damagaram a ƙarshen watan. Maijirgi a yau hedkwatar ɗaya ce daga cikin komin bakwai na Tasawa.

Me ya sa Tasawa ta zama wurin zaman Nasara kafin Maraɗi, alhali Maraɗi ce gidan sarauta? Amsar tana cikin yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka sa wa hannu ran 14 ga watan Yuni 1898. Layin da aka ja ya kewaye Sakkwato da nisan mil 100, ya bi layin digiri na 14 zuwa gabas, sannan ya gangaro kudu. Bisa wannan zane Maraɗi da Tsibiri suka faɗa ɓangaren Ingila, Tasawa ta faɗa ɓangaren Faransa. Sai da yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka gyara layin, saboda Faransawa sun rasa hanya mai ruwa tsakanin Kwara da Damagaram, sannan Maraɗi ta dawo wannan gefe, aka kafa duwatsun iyaka a lokacin aikin tawagar Tilho. Kafin nan Faransawa sun riga sun samu abokin hulɗa a Tasawa, watau Mijinyawa, wanda suka ɗauka a matsayin sarki na halal. Ɗalibin da zai shiga takardun wancan zamani ya sani cewa za a iya rubuta masa sunan da siffar da ba zai gane ba nan take, kamar «Moussignaoua». Haka sunan garin kansa: «Tessaoua» kunnen Bafaranshe ne da alƙalaminsa, an ninka s don kada a karanta ta z, an rubuta «oua» a madadin wa.

Tsarin da Faransa ta shimfiɗa bai da wuyar faɗi. A sama akwai gwamna, wanda ya zauna Damagaram kafin a mai da babban birni Yamai a 1926, shekara huɗu bayan da Nijar ta tashi daga yankin soja ta zama «colonie» a 1922. Ƙarƙashinsa akwai «cercles», kowane da kumandan. Babban «cercle» ana yanka shi zuwa «subdivisions». Daga nan sai «cantons», sai garuruwa. Matakai biyu na sama Turawa ne ke riƙe da su, biyu na ƙasa sarakuna. Kumandan shi ne komi: shi ke ƙidaya, shi ke sa lanho, shi ke ɗibar mutane aikin tilas da aikin soja, shi ke shugabancin kotu, kuma dokar «indigénat» ta ba shi ikon ɗaure talaka na ƴan kwanaki ba tare da shari'a ba. Sai 1946 aka soke wannan doka tare da aikin tilas.

A nan ne bambanci da maƙwabtanmu na kudu ya fito, kuma ba mu kawo shi don ado ba, zai yi mana amfani a sashe na 6. Ingilishi sun bar sarkin Katsina da baitulmalinsa da alƙalansa da dogaransa, suka kira abin En'e, suka zaunar da hakimai a gundumomi ƙarƙashinsa. Faransawa ba su so babban sarki tsakaninsu da talaka. Sun fi son a yanka ƙasa zuwa kanto da dama, kowane sarkin kanto ya amsa wa kumandan kai tsaye. Saboda haka kanto, ko da ya ɗauki sunan tsohon gari kuma gidan sarauta na asali ne ke riƙe da shi, a matsayinsa na fili mai iyaka ƙirar bariki ce. Wannan ba ya rage wa sarautar daraja, amma mai bincike ya daina ɗaukar taswirar kanto a matsayin hoton ƙasar Hausa ta kafin 1899.

A 1927 aka ɗauke hedkwatar «cercle» daga Tasawa aka kai Maraɗi, Tasawa ta koma «subdivision». A ganinmu wannan ita ce shekarar da ta fi kowace nauyi a tarihin garuruwan biyu. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano, gyaɗa ta fara zama abin da mulki ke rayuwa a kansa, Maraɗi kuma ita ce ƙofar hanyar Katsina da Kano. Inda kumandan ya zauna, nan kamfanoni suka buɗe kantuna, nan ƴan kasuwa suka taru. Daga baya Tasawa ta sake samun matsayinta: lokacin da aka samu ƴancin kai ran 3 ga watan Agusta 1960, tana cikin «cercles» 16 na ƙasar. Amma tazarar da Maraɗi ta ba ta ba ta sake rufuwa ba.

4. Daga 1960 zuwa 2004

Gwamnatin Diori Hamani ta fara da sauya suna: «cercles» da «subdivisions» suka zama «circonscriptions». Babban gyara ya zo da dokar 17 ga watan Yuli 1964, wadda ta raba ƙasa zuwa «départements» 7 da «arrondissements» 32. Maraɗi ta zama «département» mai farfe, Tasawa ta zama «arrondissement» mai sufarfe. Wannan tsari ne ya zauna fiye da shekara 30, shi ne wanda yawancinmu muka tashi a ciki, shi ya sa har yanzu in an ce farfe wasu tsofaffin ma'aikata Maraɗi suke gani a ransu. A 1972 aka cire yammacin yankin aka yi «arrondissement» na Agye, wanda shi ma aka cire masa Gazawa a 2011. Ke nan Tasawar da ke cikin takardun 1965 ta fi ta yau faɗi, kuma duk alƙaluman da aka ɗauka kafin 1972 ba a jera su da na bayanta sai an yi gyara.

A kan takarda «arrondissement» abu biyu ne a haɗe: reshen gwamnatin tsakiya ne, kuma hukuma ce mai kasafin kuɗinta da majalisarta. A aikace sufarfe ne ke riƙe da duka biyun. Juyin mulkin 15 ga watan Afrilu 1974 ya kawar da majalisun. Seyni Kunce ya sa hafsoshin soja a kujerun farfe, ya soke lanhon kai da ake biyan gwamnatin tsakiya amma harajin «arrondissement» ya zauna, ya kuma kafa abin da aka kira «société de développement», mai majalisu tun daga gari har ƙasa, bisa samariya da ƙungiyoyin manoma. Mutanen karkara dai ba su ga dalilin sauya wa mai bariki suna ba. Kumandan suka ci gaba da ce masa.

Bayan babban taron ƙasa na 1991 aka shiga maganar raba iko da jama'a. Dokokin watan Satumba 1998 su ne suka ɗaga kowa mataki guda: «département» ya zama «région», «arrondissement» ya zama «département». Zaɓen ƙananan hukumomi na watan Fabrairu 1999 ya ƙare cikin gardama, aka kashe shugaba Ba'are ran 9 ga watan Afrilu, abin ya tsaya. An sake ɗauko shi da dokokin 2002, musamman ta 11 ga watan Yuni wadda ta ƙirƙiro komin 265, 52 na birni, 213 na karkara. Ran 24 ga watan Yuli 2004 aka zaɓi kansiloli. Daga nan ne za a ce sabon tsarin ya fara aiki a ƙasa, ba a 1998 ba. Takardun da aka rubuta tsakanin shekarun biyu suna cakuɗa tsoffin sunaye da sababbi, wani lokaci a shafi guda, sai an karanta su da hankali.

5. Yadda yankin yake haɗe a yau

Tasawa ɗaya ce daga «départements» 8 na jahar Maraɗi. Sauran su ne Agye, Barmo, Dakwaro, Gazawa, Gidan Rumji, Madarumfa da Mayahi, birnin Maraɗi kuma yana da matsayinsa daban. Tana gabashin jahar, ta yi iyaka da jahar Damagaram daga gabas, da jihar Katsina ta Najeriya daga kudu. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 5,000. Ƙidayar 2012 ta ba ta mutum 515,852, a komin bakwai kamar haka: Tasawa 172,796, Urafan 137,850, Maijirgi 70,655, Korgom 68,057, Hawan Dawaki 39,739, Kona 14,888, Baudeta 11,867.

Waɗannan alƙaluma suna da abin faɗi. Tasawa da Urafan kaɗai sun kwashe kashi 60 cikin 100 na jama'a. Komin ta Tasawa ta ninka ta Baudeta fiye da sau 14, amma a idon doka matsayinsu guda, kowace da magajin gari, da kasafin kuɗi, da nauyin rajistar haihuwa da aure da mutuwa, da kula da kasuwa. Ƙa'idar kujeru ta ce komin ba ta kasa kansila 11 kuma ba ta wuce 25. In an auna da alƙaluman 2012, kansila guda a Baudeta yana wakiltar mutum dubu da ɗoriya, a Tasawa kuwa kusan dubu bakwai. Abu na biyu: Tasawa ce kaɗai ake kira «commune urbaine», amma garin kansa mutum 43,409 ne a 2012, watau rubu'in jama'ar komin. Sauran kashi uku ƴan ƙauye ne. Sunan «urbaine» ya zo ne daga zaman hedkwata, bai bayyana rayuwar mutanen ba. Wanda ya fassara shi da «ƙaramar hukumar birni» ya kuma ɗauki duk masu ba shi amsa a matsayin ƴan birni, ya gina nazarin karin harshensa a kan rairayi.

Kafin 2002 kanto uku ne suka haɗu suka yi yankin: Tasawa, Urafan, Korgom. Ba a soke su ba, an ɗora komin ne a kansu. A arewa Urafan ta zauna guda. A tsakiya an fitar da Maijirgi kusa da Tasawa. Kudu ce aka fi yayyankawa, don Korgom da Hawan Dawaki da Kona da Baudeta duk a wannan kusurwa suke. Saboda haka sarkin kanto guda yana iya samun kansa da magadan gari fiye da ɗaya a ƙasarsa.

To, a nan tsohuwar ma'anar «ƙasa» ta dawo. Dokar 2002 sunayen komin da hedkwatocinsu ta faɗa. Dokar 27 ga watan Agusta 2003 da ta zo ta ƙayyade su, jerin garuruwa da ƙabilun da ke cikin kowace ta bayar. Komin ke nan tarin garuruwa ce, kafin ta zama fili mai layi. Gari kuma a idon hukuma shi ne wanda ke da maigari da aka amince da shi, da littafin haraji. Tunga ko gidan gona ba gari ba ne, reshe ne na garin da mutanensa suka fito, ko da ya yi nisa, ko da yanzu ya fi uwar girma. Magidanci yana iya noma da kwana a filin da kowa ke ɗauka na wata komin ne, amma harajinsa yana bin maigarinsu zuwa wata. Ga Fulani da Bugaje abin ya fi haka fitowa fili, don su ba kanto gare su ba sai «groupement», ba gari ba sai «tribu», kuma waɗannan a kan mutane aka gina su, ba a kan fili ba. Yawancin gardamar da ake yi a kan wa ke da harajin wata kasuwa, ko wa ke da wata rijiya, daga wannan tushe take.

Iko uku ne ke aiki tare a wannan fili. Na farko farfe, wanda ake naɗawa daga Yamai, wakilin gwamnati, mai duba ko abin da komin ta yanke ya bi doka, tare da ma'aikatun noma da kiwo da lafiya da ilimi. Dokokin farko sun so «département» shi ma ya samu zaɓaɓɓiyar majalisa, amma kundin 17 ga watan Satumba 2010 ya bar wannan ga jaha da komin kaɗai. Saboda haka Tasawa a matsayin «département» ba ta da majalisa, reshen gwamnati ce kurum, abin da ya bambanta ta da «arrondissement» na 1964. Na biyu komin. Bisa kundin, jama'a ke zaɓen kansiloli, su kuma su zaɓi magajin gari daga cikinsu, sarakuna da ƴan majalisar dokoki suna zama da su suna ba da shawara amma ba su jefa ƙuri'a. An yi haka a 2004, da 2011, da watan Disamba 2020. A watan Afrilu 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun, suka naɗa «administrateurs délégués» su riƙe komin. Na uku sarauta, wadda dokar 1993, sannan ta 2015, suka sa cikin tsarin mulki: masu gari ne ke zaɓen sarkin kanto daga cikin masu gadon gidan, gwamnati ta tabbatar. Aikinsa karɓar haraji ta hannun masu gari, da sulhu a rikicin gona da gado da aure. A 2010 aka ɗaga sarautun Katsinar Maraɗi da Gobir da Doso zuwa matsayin «sultanat», kamar Abzin da Damagaram. Tasawa, wadda Nasara ya fara zama a cikinta, tana matakin kanto. Wuri guda da ikon nan uku ke haɗuwa a teburi shi ne kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kawo, a matakin «département» da komin da gari.

6. Kalmomin

In aka jera abin da ya gabata, za a ga abin mamaki: Hausar baka ta fi Faransancin takarda tsayawa wuri guda. «Département» ya sauko daga Maraɗi zuwa Tasawa. «Préfet» ya biyo shi, gwamna ya hau kujerarsa ta dā. «Arrondissement» ya bar karkara ɗungum, yanzu yanki ne na babban birni, uku a Maraɗi, biyar a Damagaram, biyu a Tawa, biyar a Yamai. Amma «jaha» a bakin ƴan rediyo tana kan Maraɗi kafin gyaran da bayansa, bariki yana nan bariki, tsofaffi kuma ba su bar kumandan ba. Mai magana ya laƙaba kalmar ga wurin da kujerar, ba ga sunan da doka ta ba su ba. Wannan ya sa hira da tsoho ta fi sauƙin fahimta da Hausa, amma mai mai da ita Faransanci sai ya tambayi shekarar kafin ya san ko kumandan ɗin nan «commandant de cercle» ne, ko «chef de subdivision», ko «sous-préfet», ko «préfet».

Kalmomin aro ba su da matsalar sauti, sun bi ƙa'idar harshe: «l'impôt» ya shigo da harafinsa na farko a manne, p ta koma h kamar yadda ta saba a karinmu, aka samu lanho, «préfet» ya rabu da cunkoson baƙaƙensa ya zama farfe. Matsalar tana ga kalmomin da muke tarayya da Najeriya, don su sun riga sun ɗauki kaya a can, kuma mai sauraren Korgom ko Hawan Dawaki yana jin gidajen rediyon ɓangarorin biyu.

Ɗauki «ƙaramar hukuma». A Najeriya tun gyaran 1976 sunan mataki ne guda tak, wanda ke ƙarƙashin jiha kai tsaye, 774 ne a ƙasar, 34 a jihar Katsina. A nan ana sa kalmar wani lokaci ga komin, wani lokaci ga «département». In an dubi aiki, komin ce ta cancance ta, don ita ce aka yi wa majalisa da kasafi. In an dubi wurin zama ƙarƙashin jaha, «département» ne. Mu muna ganin aiki ya fi cancanta a bi, a bar ƙaramar hukuma ga komin, ko ma a rubuta komin ɗin yadda mutane ke faɗinta.

«Gunduma» ita aka fi ji a madadin «département», kuma ba mu gamsu da ita ba. A ƙasar Katsina da Kano gunduma ƙasar hakimi ce, watau yankin sarauta mai tattara garuruwa, abin da ya yi daidai da kanto a nan. In muka ce gundumar Tasawa, Bakatsine zai ji ƙasar sarkin Tasawa, alhali muna nufin ƙasar farfe, wadda ta haɗa kanto uku. Akwai kalmar da ke zaune ba aiki, ita ce «lardi». A arewacin Najeriya lardi yanki ne na Razdan, jami'in da aka naɗo daga sama, ba sarauta ba ce, kuma an daina amfani da shi a tsarin mulki tun da aka yi jihohi da ƙananan hukumomi. Aibinsa guda, lardunan dā manya ne, sun fi kusa da jaharmu a faɗi. Duk da haka mun fi son lardin Tasawa bisa gundumar Tasawa, mu bar gunduma ga kanto in ana son kalmar da ba ta aro daga Faransanci ba. Mun san za a ce al'adar rediyo ta riga ta zauna. Hujja ce mai ƙarfi, kuma in ita ta yi rinjaye, to sai a hana gunduma zuwa wajen kanto sam, kada ta yi aiki biyu.

«Masarauta» ba ta isa ta tsaya wa kanto ba, don da ita ake kiran Damagaram, da ita ake kiran Korgom, doka kuwa ta bambanta su. Haka «sarki»: a baka ya wadatar, a takarda sai an ƙara masa bayani. «Groupement» da «tribu» sun fi wuya. «Ƙabila» da ake sa wa «tribu» tana ɓatar da mai karatu, don a Hausa ƙabila ita ce Fulani ko Barebari baki ɗaya, a dokar kuwa ƴan gidaje ne masu shugaba guda da littafin haraji guda, daidai da gari. «Ruga» da «zango» wurin zama suke nufi, abin da «tribu» ba ta dogara da shi ba. Shugabannin dai suna da sunayensu, arɗo ga Fulani alal misali, kuma wataƙila daga sunan shugaba ya kamata a gina na rukunin, a ce jama'ar arɗo wane, kamar yadda masu abin ke faɗi da kansu.

Saura «kantoma». Kalmar ta fito daga sunan jami'in Ingilishi mai kula da unguwar bariki, a Najeriya kuma ta zama sunan wanda gwamnati ta naɗa ya riƙe ƙaramar hukuma a lokacin da babu zaɓaɓɓu. Wasu kafofin labarai sun ɗauke ta suka ba farfe, abin ya tafi ba tangarɗa muddin komin tana hannun magajin gari. Daga watan Afrilu 2024 aka samu jami'in da ya yi daidai da ma'anar kalmar ta asali, watau «administrateur délégué». In labari ya ce kantoman Tasawa ya kira taro, mai sauraro ba shi da hanyar sanin ko mai lardi ne ko mai komin, ga shi ofisoshin biyu a gari guda suke. Farfe ba ta da wannan aibi, kowa ya san ta, kuma ba ta da wani aiki a ƙetaren iyaka. A bar wa farfe sunansa, a ba wanda aka naɗa a komin kantoma.